Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa: a sa wa shari'ar 'yan fansho wa'adi

Zuwa ga Shugaba da Mambobin Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa, Abuja.

Ranku ya daɗe, masu shari'a,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da girmamawar da ta kamaci kujerun da kuke kai, Allah ya taya ku riƙo.

Ni tsohon ma'aikaci ne mazaunin Tudun Wada a nan Kaduna. Na yi wa wata hukumar gwamnati aiki shekara 35 cif, na ajiye a ƙarƙashin tsohon tsarin fansho, wanda gwamnati ke biya daga baitulmali, kafin tsarin karo-karo da dokar 2004 ta kawo. Ina cikin tsofaffin ma'aikatan da suka haɗa kai suka shigar da ƙara suna neman a sake duba fanshonsu yadda kundin tsarin mulki ya tanada. Yanzu shari'ar ta shiga shekara ta 8. Ba zan ambaci sunan kotun ba, ko na mai shari'ar, ko na hukumar da muke ƙara, domin lauyanmu ya ja mini kunne cewa maganar da ke gaban alƙali ba a yanke ta a jarida. Kuma ban zo roƙon ku sa baki a ba mu gaskiya ba. In ba mu da ita, a faɗa mana, mu koma gida mu rungumi ƙaddara. Kukana a kan lokaci ne, lokacin da shari'ar ke cinyewa da wanda ya rage mana.

Zaman da ya gabata na bar gida ana idar da sallar asuba, don in samu Keke Napep kafin hanya ta cushe. A bakin kotu na tarar da wanda ya taso daga Zariya, da wanda ya kwana a Sabon Tasha gidan 'yarsa saboda daga Kafanchan ya fito, da wata baiwar Allah daga Kachia wadda ɗanta ke riƙe da hannunta don idanunta sun yi rauni. Musulminmu da Kiristanmu muka jeru a benci guda, kowa da tsohuwar ambulan ɗinsa a hammata. Muna nan har hantsi ya dubi ludayi, ƙarfe 11 ta wuce, sai magatakarda ya leƙo ya ce kotu ba za ta zauna ba, mai shari'a ya tafi taro, lauyoyi su shigo su ɗauki rana. Ranar da aka bayar wata 3 ce a gaba. Babu wanda ya yi hayaniya, mun saba. Mutumin Kafanchan ne kawai ya ja ni gefe yana tambaya a hankali ko ina da abin da zan cika masa kuɗin mota, domin na zuwa kawai ya iya haɗawa.

Sakataren ƙungiyarmu yana da wani littafi irin na 'yan makaranta mai bango shuɗi. Daga gaba yana rubuta ranar kowane zama da dalilin da aka ɗage shi. Daga baya kuma, yana juya littafin, yana rubuta sunayen waɗanda suka rasu cikin masu ƙara. Rubutun gaba yana tafiya baya, na baya yana tahowa gaba, kuma shafukan da suka rage a tsakani ba su da yawa. Na so a ce wani daga cikinku ya karanta shafukan gaban nan. Yau lauyan hukuma ba shi da lafiya. Gobe an sauya lauyan, sabon yana bukatar lokaci ya karanta fayil. Wata rana shaidarsu ya tafi kwas. Wata rana ba a ga takardar shaidar isar da sammaci a cikin fayil ba. Wata rana fayil ɗin kansa ne ba a gani ba. An ɗauke wuta, janareta ba mai. An ba da hutun da ba a sa rai ba. Kowanne daga cikin waɗannan, in ka ɗauke shi shi kaɗai, uzuri ne da mai hankali zai karɓa. Sai an tara su ne mutum zai ga sun ci shekaru.

Abin da muke nema kuwa ba wani ƙulli ba ne da sai an nemo masana daga waje. Sashe na 173, ƙaramin sashe na 3, na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a riƙa sake duba fansho duk bayan shekara 5, ko kuma tare da duk wani gyaran albashi da aka yi wa ma'aikatan tarayya, duk wanda ya riga zuwa. Sashe na 210 ya maimaita wannan ga ma'aikatan jihohi. Ku kun fi ni sanin wannan nesa ba kusa ba, ina faɗa ne don masu karatu. Sannan babu wanda ke musun an yi gyaran albashi. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 18,000 a 2011, ya koma naira 30,000 a 2019, ya koma naira 70,000 a 2024. A shekarar 2024 ɗin ma, da gwamnatin tarayya ta ƙara wa wasu rukunan ma'aikatanta kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari, ta sanar da ƙarin kashi 20 zuwa 28 ga 'yan fansho na tsohon tsari da ke cikin waɗannan rukunai, wato ita kanta ta yarda cewa albashi da fansho tare suke tafiya. Tambayar da ke gaban kotu a shari'armu ita ce ko gyare-gyaren da aka yi sun shafe mu, daga yaushe, kuma nawa ne ariyas, wato bashin da ya taru muke bi. Takardun ɗaukar aiki suna nan, takardun ajiye aiki suna nan, sanarwowin gwamnati suna nan. Ni da na yi shekaru ina lissafin albashin mutane da hannu, na rantse da an ba ni takardun da akawu biyu da mako uku, da mun fitar da lissafin.

To ina shekarun suka tafi? Kusan biyu na farko ba a ma taɓa maganar fansho ba. Lauyoyin hukuma sun fara da cewa kotun ba ta da hurumi. Suka ce mun makara, domin akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta ce a kai ƙara cikin wata 3, kamar dai fanshon da ake tauye mana duk ƙarshen wata abu ne da ya faru sau ɗaya ya wuce. Suka ce ba mu ba da sanarwar niyyar kai ƙara yadda ya kamata ba. Suka ce ƙungiyarmu ba ta da ikon tsayawa a madadin mambobinta. Mai shari'a ya saurari duk wannan ya yi watsi da shi, muka yi murna har wasu suka yi sadaka. Ashe an fara ke nan. Suka ɗaukaka ƙara a kan wannan ɗan hukuncin, suka nemi a tsayar da sauraron ainihin shari'ar sai an gama da can. Ana cikin haka korona ta zo a 2020 aka rufe kotuna. A 2021 ma'aikatan shari'a suka shiga yajin aiki daga watan Afrilu, aka garƙame ƙofofin kotuna a faɗin ƙasa fiye da wata biyu. Kowace shekara kuma ga dogon hutun kotuna daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, ga na Kirsimeti, ga na Ista. Da fayil ya dawo, aka fara sauraron shaidu, mun gabatar da namu, sai aka sauya wa mai shari'ar wurin aiki. Sabon da ya zo ya ce doka ta ce a faro daga farko, tunda bai ga shaidun da idonsa ba. Babban shaidarmu, wanda ya riƙe sashen albashi shekaru da yawa kuma ya san tarihin kowace takarda, ya riga ya rasu.

Ba zan ɓoye namu laifin ba. Sau biyu lauyanmu ne ya nemi a ɗage, kuma ɗaya daga ciki don mun kasa haɗa masa kuɗin da muka yi alkawari ne. Na kuma san halin da alƙalanmu ke ciki. Na zauna na ga mai shari'a yana rubuta kowace kalma da hannunsa tun safe har azahar, ga jerin ƙararraki sun cika allo, ga zafin Kaduna na watan Maris. Wanda ya ga haka ba zai ce lalaci ne ba. Amma kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma inda yake mana yoyo shi ne jinkirin nan ba ya cin ɓangarorin biyu daidai.

Ku duba da kyau, ranku ya daɗe. Duk ranar da aka ɗage shari'a, hukumar da ake bi bashi ba ta yi asarar komai ba. Kuɗin yana hannunta. Lauyanta albashinsa na tafiya, motar ofis ce ta kawo shi, ita za ta mayar da shi. Shugaban da aka yi ƙarar a zamaninsa ya gama wa'adinsa ya tafi, wanda ya gaje shi shi ma fatansa kada hukuncin ya faɗo a zamaninsa. Ita hukuma ba ta tsufa, ba ta da hawan jini, ba ta da ciwon suga. Mu kuwa ta wuri biyu ake cinmu. Lokacin da muka shigar da ƙarar nan litar fetur naira 145 ce. Bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Dalar da ake canzawa wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin tsakiyar 2023 ta haura naira 1,500 a 2024, kuma a watan Disamban shekarar hauhawar farashi ta kusa kashi 35 cikin ɗari. Ariyas ɗin da muka lissafa a takardar ƙara, wanda a lokacin zai iya yi wa mutum rufin ɗaki ya aurar da 'ya, ko yau aka ba mu shi bai fi ya sayi 'yan buhunan masara ba. Kuɗin yana narkewa a cikin fayil kamar ƙanƙara a rana. Masu kuɗin kuma suna raguwa. Wanda ake bi bashi ya san wannan sarai, shi ya sa ba ya bukatar ya ci shari'ar. Abin da yake bukata kawai a ba shi wata rana.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce jan-ƙafar mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Abokan zamana Kirista sun gaya mini su ma littafinsu ya hana a kwana da ladan ɗan ƙwadago. Abin da ke ci mini rai shi ne a ce kotu, inda aka je neman a cire zaluncin, ita ce za a mayar igiyar da ake jan ƙafar da ita, alhali mai shari'a bai nufi haka ba, ƙa'idojin ne suka bar ƙofa a buɗe.

A nan nake so in tsaya in daɗe, domin ƙasar nan ta san maganin wannan cuta, ta kuma taɓa sha. Kafin 2010 shari'ar zaɓe ma haka take jan jiki. Peter Obi ya tsaya takarar gwamnan Anambra a 2003, bai hau kujerar ba sai Maris ɗin 2006. Kayode Fayemi a Ekiti da Rauf Aregbesola a Osun sun tsaya a 2007, kotu ba ta ba su kujerunsu ba sai ƙarshen 2010, bayan wasu sun ci fiye da shekara 3 a kai. Da abin ya ishi 'yan siyasa, jiki magayi, sai suka gyara kundin tsarin mulki. Yau sashe na 285 ya ce a shigar da ƙarar zaɓe cikin kwana 21, kotun zaɓe ta yanke hukunci cikin kwana 180, ɗaukaka ƙara kuma a gama cikin kwana 60. Kuma ana cikawa. Mun ga alƙalai suna zama har dare, suna zama ranar Asabar, suna karanta hukunci na sa'o'i, don kada rana ta 181 ta same su. A 2023 mun ga yadda aka kwashe alƙalai daga kotunansu aka tura kotunan zaɓe, sauran ƙararraki suka bi layi suna jira. Hujjar da aka bayar mai kyau ce: wa'adin mulki shekara 4 ne, in aka ja shari'a sai wanda ya yi nasara ya tarar an cinye masa wa'adinsa. Na yarda. To shi dattijo mai shekara 75 da ke jiran a gyara masa fansho, wa ya ba shi tabbacin shekara 4? Ɗan siyasa dai ya san ranar da wa'adinsa zai ƙare. Mu ba mu sani ba, amma mun san an kusa.

Akwai wani misalin da na yi ta shawarar in kawo ko in bari, don kada a ce na yi rashin kunya ga manya. Zan kawo, ku yi mini afuwa. A 2022 babban lauya Sebastine Hon ya kai ƙara Kotun Ma'aikata ta Ƙasa a Abuja cewa albashin alƙalai ya tsaya cik tun 2008. A watan Yulin wannan shekarar kotun ta yanke hukunci cewa a gyara. A 2024 kuma aka sa hannu a dokar da ta ƙara wa alƙalai albashi da alawus da kashi 300 cikin ɗari. Wallahi ba hassada nake yi ba. Alƙalin da ke jin yunwa hatsari ne ga talaka, kuma shekara 14 ba ƙarin albashi zalunci ne ko a kan wa ya faɗa. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, ashe ana iya shigar da ƙara a kan gyaran abin da ake biyan mutum a kuma gama ta a shekarar da aka shigar. Sannan ku da kanku kun ɗanɗani yadda albashin da ya tsaya wuri guda ke zama ba'a in kasuwa ta yi gaba. Bambancin kawai shi ne kundin tsarin mulki ya tanadar wa alƙalin da ya cika shekarunsa fansho daidai da albashinsa na ƙarshe da alawus ɗinsa, mu kuwa mafi yawan abin da tsohon tsari ya ba wanda ya cika shekara 35 shi ne kashi 80 cikin ɗari, na albashin wancan zamani.

Wani zai ce ai akwai sashe na 294 na kundin tsarin mulki, wanda ya wajabta wa kotu ta ba da hukunci cikin kwana 90. Haka ne, kuma ya ce in an saɓa a kai rahoto ga shugaban majalisarku. Amma ƙirgen kwana 90 ɗin ba ya farawa sai an gama shaidu da jawaban ƙarshe na lauyoyi. Dogon dajin da ke kafin a kai nan ba shi da iyaka, kuma a cikinsa muke. Sashe na 36 ya ce a saurari mutum cikin lokacin da ya dace, bai faɗi ko kwana nawa ba ne, don haka shekara 8 ma akwai lauyan da zai tsaya ya ce ta dace.

Ko da an yanke hukuncin ma, lauyanmu bai ruɗe mu ba. Ya ce za su ɗaukaka, za su nemi a dakatar da zartarwa. In an gama can, ga sashe na 84 na dokar zartar da hukunci, wanda ya ce kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba a taɓa shi sai da izinin Antoni Janar. Wato babban lauyan gwamnatin da ta faɗi shari'a shi za ka je ka roƙa ya ba ka izinin karɓar kuɗinka. Sayyidina Umar, a wasiƙarsa ga Abu Musal Ash'ari kan alƙalanci, ya ce faɗin gaskiyar da ba za a zartar da ita ba ba shi da amfani. Na san wannan sashe ba ku kuka rubuta shi ba, na Majalisar Tarayya ne, amma in kun yi magana a kansa za a ji ku fiye da yadda za a ji ni.

Bari in ba ku labarin mutum ɗaya, kada ku ɗauka duk lissafi ne. Direba ne, tare muka yi aiki, shekararsa 30 da wani abu yana tuƙa manyan hukumarmu tsakanin Kaduna da Legas tun kafin a koma Abuja. Bai taɓa fashin zaman kotu ba. Shi ke zuwa da goro yana rabawa a benci. A shekarunsa na ƙarshe ƙwayar hawan jinin da likita ya ce ya sha kullum raba ta biyu yake yi da reza, yana shan rabi, don ta kai shi ƙarshen wata. Na gani da idona a ɗakinsa a Rigasa. Da ya rasu muka kai shi, bayan an share makoki matarsa ta aiko ɗansu ya tambaye ni ko kuɗin shari'ar nan sun bi shi kabari. Na ce a'a, hakkin magada ne. Amma kafin a sa sunansu a madadinsa sai sun samo takardar izinin kula da gado, sai lauya ya rubuta buƙatar maye gurbi, sai an isar wa ɗaya ɓangaren, sai an ba su lokacin amsawa, sai an sa rana. Kun ga mutuwar mai ƙara ita ma ta zama dalilin ɗage shari'a. Jinkiri ya kashe mutum, mutuwarsa ta haifi wani jinkirin. Yaron ya yi zuwa biyu ya gaji, yana sana'ar gyaran waya a Kasuwar Barci, kowace rana a kotu asarar cinikin yini ce. Ban ga laifinsa ba.

Abin da nake roƙo ba ya bukatar a jira gyaran kundin tsarin mulki, ko da yake in an tashi gyaran ina fatan za ku goyi bayan a sa wa shari'ar fansho wa'adi a rubuce kamar na zaɓe. Shugabannin manyan kotuna suna zaune a cikinku, kuma kowannensu yana da ikon fitar da umarnin yadda za a gudanar da shari'a a kotunsa. A fitar da umarni cewa ƙarar da ta shafi fansho ko garatuti ta bi layin gaggawa, a sa mata watannin da ba za ta wuce ba. An riga an yi irin wannan a shari'ar laifuka: dokar 2015 a sashe na 396 ta ce a riƙa zama kullum, in ba zai yiwu ba kada wani ɓangare ya samu ɗagewa fiye da sau 5, kuma kada tsakanin zama da zama ya wuce kwanakin aiki 14. Dokar ta kuma hana tsayar da shari'a don an ɗaukaka ƙara a kan wani ɗan hukunci na tsakiya. In wanda ake zargi da sata ya cancanci wannan gata, wanda ake zargin an tauye masa hakki ma ya cancanta. Duk wata suka ta hurumi ko ta makara a haɗa ta da ainihin shari'ar a yanke rana guda, wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka gaba ɗaya sau ɗaya.

Maganar tara kuma ita ce ta fi damuna. Sau da yawa in lauyan hukuma ya nemi ɗagewa, ko dai ba a ci shi tara ba, ko a ci shi ɗan abin da bai kai kuɗin motar mutum uku daga cikinmu ba, kuma daga asusun gwamnati zai fito, in ma an biya. Wanda ba ya jin zafin abu a aljihunsa ba zai daina ba. In uzurin na sakaci ne, a sa lauyan ko jami'in da ya jawo ya biya daga nasa, a kuma biya kafin zama na gaba. Haka nan in an zo hukunci a duba faɗuwar darajar naira. Da yawanmu ba ma son a kira shi kuɗin ruwa, addini ya hana mu, kuma ba riba muke nema ba. Muna so dai a biya mu abin da zai sayi kwatankwacin abin da kuɗin zai saya a ranar da ya kamata a biya, don kada jan-ƙafa ya zama kasuwanci mai riba ga wanda ake bi.

In an sauya wa alƙali wurin aiki alhali ya fara sauraron shaidu, a ba shi izini ya dawo ya ƙarasa. In shaida dattijo ne, a fara ɗaukar shaidarsa tun yana da numfashi da tunani, a naɗe ta a na'ura. Kuma tunda kowane alƙali yana aiko muku da rahoton ayyukansa duk wata 3, ku ƙara layi ɗaya a takardar: ƙararrakin fansho nawa ne a gabanka da suka haura shekara 3, kuma me ya tsayar da su? Ina da yaƙinin cewa ranar da aka fara tambayar nan daga Abuja, fayilolin da suka ɓata za su fara bayyana.

Na ƙarshen shi ne mafi ƙanƙanta, har ina jin nauyin rubuta shi ga majalisa mai girma irin taku. In kotu ba za ta zauna ba, a aiko da saƙon tes kwana ɗaya kafin ranar. Kotun Ƙoli ta riga ta ce tun 2020 zaman kotu ta intanet bai saɓa wa tsarin mulki ba, amma mu ba ma ma kai nan ba. Saƙo guda ga lauya, lauya ya gaya wa sakatare, sakatare ya buga wa na Zariya da na Kafanchan da na Birnin Gwari su zauna a gida. Wanda ya san hanyar Birnin Gwari ya san abin da ake nufi da a ce dattijo ya biyo ta don kawai a gaya masa mai shari'a ya tafi taro.

An sa mana rana bayan an dawo daga hutu. Lauyan hukuma ya riga ya shaida wa namu cewa yana da wata sabuwar buƙata da zai gabatar, bai faɗi ko ta mece ce ba. Ma'ajinmu ya fara zagayawa karɓar kuɗin mota da na lauya, yana bin gidaje a Kawo da Unguwar Rimi da Kakuri, wanda ya samu ya bayar, wanda bai samu ba a rubuta masa bashi. Ni ma na bayar da rabi. In Allah ya kai mu zan je, kuma sakatare ya ce zai zo da littafinsa, ya kuma sayi sabo ya ajiye don tsohon ya kusa cika.

Allah ya ƙara muku lafiya da adalci.

Naku cikin girmamawa,
Wani tsohon ma'aikaci, ɗan fansho,
Tudun Wada, Kaduna.